Idan Linux Ba Ta Ga Modem Ba: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

(Taken shiri)

Shirin yau na masu gyaran kwamfuta ne, da ɗaliban da ke koyon aikin, da duk wanda ya ɗora wa kwamfutarsa Linux, ya jona mata modem, ita kuwa ta yi biris kamar ba a jona komai ba. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai 'yan kalmomin umarni da zan karanto muku harafi-harafi.

Modem ɗin da muke nufi shi ne wanda ke shiga intanet ta hanyar buga lambar tarho. Yakan karɓi bayanan kwamfuta ya mayar da su sauti, ya tura ta layin wayar girke, wani modem da ke can ofishin kamfanin intanet ya sake mayar da sautin bayanai. Ƙarar nan da shewar da ake ji idan yana haɗawa, su biyun ne ke daidaita gudun da za su yi aiki da shi. A shekarar 1981 kamfanin Hayes na Amurka ya fitar da modem mai karɓar umarni a rubuce, umarnin yana farawa da haruffa biyu, A da T. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har wannan ya zama harshen da kusan kowane modem ke ji. A 1998 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar V.90 mai gudun kilobit 56 a daƙiƙa ɗaya idan layi ya yi kyau ƙwarai. Da wannan gudun, hoto mai nauyin megabait ɗaya kan ci kusan minti 3 kafin ya gama saukowa. Duk da wannan nawar, abin ya daɗe a karkarar Amurka, inda kamfanin AOL bai daina wannan hidima ba sai a watan Satumban 2025.

Mu a Najeriya layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula a 2001, don haka 'yan kaɗan ne suka taɓa shiga intanet ta wayar girke daga gida. Yawancinmu mun fi sanin ɗan modem ɗin nan mai kama da filashi, wanda ake sa wa SIM a soka a jikin laptop. To, shi ma a ƙarƙashin Linux da harshen A da T yake magana, kuma buga lamba yake yi. Za mu zo kansa a ƙarshen shiri.

Ita Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Debian da Fedora da Ubuntu duk 'ya'yan gidan ne. Wannan buɗewar ta ba mai gyara wata dama babba: Linux tana rubuta duk abin da ta gani a jikin kwamfuta, da wanda ta gane da wanda ya gagare ta, kuma za ta nuna maka idan ka tambaya. Saƙona a yau shi ne a daina canke. Tsakanin kwamfuta da intanet akwai matakai biyar, kuma matsala a ɗaya daga cikinsu take tsayawa. Ana hawa su ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake. Wanda ya tsallake yakan kwana yana sauya kalmar sirri alhali wayar bayan kwamfuta ce ba ta shiga da kyau ba.

Kafin matakan, sai ka san wane irin modem ne a hannunka, domin rabin aikin a nan yake. Iri na farko shi ne na waje, ɗan akwati mai fitilu a gaba, mai wayar wutarsa daban, ana jona shi a ƙofar bayan kwamfuta mai ƙusoshi tara. Kamfanin USRobotics ya yi suna da irinsu. Wannan cikakken modem ne, duk aikin a cikinsa yake yinsa, kuma ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman a Linux. Iri na biyu na USB ne. Wasu cikakku ne, wasu ba cikakku ba. Iri na uku shi ne katin da ake sokawa a cikin kwamfuta, ko wanda ya zo manne a laptop, kuma a nan ne kuka ya fi yawa.

A ƙarshen shekarun 1990, don rage tsada, kamfanoni suka fara cire wa modem wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa, suka ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wannan aikin ta hanyar manhajar da ake kira direba. Ana ce wa irin waɗannan Winmodem, domin da farko Windows kaɗai aka rubuta wa direbansu. Direba kamar tafinta yake tsakanin baƙo da mai gida: idan babu shi, suna ganin juna amma ba mai jin wani. Kamfanonin suka riƙe sirrin yadda ake magana da kayansu, masu rubuta Linux kuwa ba su da hanyar rubuta direba ga abin da aka ɓoye musu. Mutane da yawa a wancan zamani sun koma Windows suna cewa Linux ba ta da amfani, alhali rabin modem aka sayar musu. Wannan abu yana taɓa min rai, domin har gobe ana ɗora wa manhaja laifin da na mai ƙera kaya ne.

(Gajeren kiɗa)

To, mataki na farko: shin kwamfutar ta ga ƙarfen ma kuwa? Buɗe tagar umarni, baƙar tagar nan da ake kira tamina. Idan katin ciki ne, rubuta l, s, p, c, i, a haɗe da ƙananan haruffa, wato lspci, ka danna Enter. Za ta jero duk katunan da ke ciki. Nemi layin da ke ɗauke da kalmar Modem ko Communication controller. Idan ka ƙara tazara da ɗan jan layi da n biyu, wato lspci -nn, za ta nuna lambar kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar katin. Lamba 14f1 ta Conexant ce, 11c1 ta Lucent ce wadda daga baya ta koma Agere, 8086 kuwa ta Intel. Wannan lambar ta fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci, domin kwalaye goma masu suna daban-daban na iya ɗauke da ƙwaƙwalwa iri ɗaya. Idan na USB ne, umarnin shi ne lsusb. Rubuta shi kafin ka soka modem, ka sake rubutawa bayan ka soka. Sabon layin da ya ƙaru shi ne naka. Idan babu abin da ya ƙaru, matsalar ta ƙarfe ce: sauya ƙofar USB, ko ka kashe kwamfuta ka zare katin ka sake zaunar da shi sosai. A lura, modem na waje mai ƙusoshi tara ba ya fitowa a waɗannan jerin ko da lafiyarsa ƙalau. Wasu na laptop kuma a jikin katin sauti suke laɓe, su ma ba lallai su fito ba.

Mataki na biyu: shin Linux ta ba shi ƙofa? A Linux kowace na'ura tana da suna a wani kundi da ake kira dev. Ƙofar da Windows ke kira COM1, Linux na kiranta ttyS0, da babban S. COM2 ita ce ttyS1. Ka ga ƙirgar daga sifili take farawa, kuma wannan kaɗai ya ɓatar da mutane masu yawa. Cikakken modem na USB yakan fito da sunan ttyACM0, wasu kuma ttyUSB0. Don ganin abin da ya faru, rubuta d, m, e, s, g, wato dmesg, wanda shi ne littafin da Linux ke rubuta labarin na'urori tun daga kunnawa. Soka modem ɗin, ka duba layukan ƙarshe. Idan ka ga sunan ƙofa, an wuce wannan mataki. Kada yawan sunaye a kundin dev ya ruɗe ka. Sau da yawa za ka ga ttyS har talatin da wani abu, amma mafi yawansu babu komai a bayansu. Umarnin setserial -g tare da sunan ƙofa zai bambance maka: idan ya nuna 16550A akwai ƙofa ta gaske, idan ya ce unknown fanko ce.

Tsofaffin kwamfutoci suna da wata matsalar kuma. COM1 da COM3 lambar kiran ƙwaƙwalwa ɗaya suke amfani da ita, IRQ 4, COM2 da COM4 kuma IRQ 3. Idan linzamin kwamfuta yana COM1, modem yana COM3, sai su riƙa karo, modem ya amsa yanzu ya yi shiru anjima. Maganin shi ne a mayar da ɗayansu wata ƙofar. A leƙa BIOS ma, domin wani lokaci a can aka kashe ƙofar baki ɗaya.

Idan mataki na farko ya nuna kati amma na biyu bai ba da ƙofa ba, to kusan tabbas Winmodem ne. Masu sa kai na aikin Linmodems sun rubuta wata 'yar manhaja mai suna scanModem da ke bincika katin ta faɗi direban da ya dace. Na Lucent da Agere akwai ltmodem da martian. Na Smart Link da wasu na laptop akwai slmodemd, wanda ke buɗe ƙofa mai suna ttySL0. Na Conexant kuwa kamfanin Linuxant ne ya riƙa sayar da direbansu, na kyautar an taƙaita masa gudu zuwa kilobit 14.4. Sai dai a san cewa yawancin waɗannan direbobi don tsofaffin Linux aka yi su, kuma da wuya su hau sababbi. Ga kuma ƙulli: kana buƙatar intanet don sauko da direban abin da zai kai ka intanet. Dole sai an je wata kwamfutar an kwafo a filashi. Shawarata ga mai gyara ita ce ya auna lokacinsa. Idan yini ya tafi a kan Winmodem, neman cikakken modem na waje, ko da na hannu ne, ya fi sauƙi da arha.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne kan yadda ake gano dalilin da ya sa Linux ba ta ganin modem. Mun wuce matakai biyu, ga na uku: shin modem yana amsa magana? A nan ake amfani da manhajar minicom. Ka nuna mata ƙofar, ka rubuta AT, ka danna Enter. Modem mai lafiya zai amsa da OK. Rubuta ATZ ya koma saitin da aka adana masa, ATI kuma ya faɗi ko shi wane ne. Idan na waje ne, sa ido a kan fitilunsa. MR tana nuna a kunne yake a shirye. TR takan kama idan kwamfuta ta buɗe ƙofar. Duk harafin da ka danna, fitilar SD za ta ƙifta, idan modem ya amsa RD ta ƙifta. Idan kana dannawa babu fitilar da ta motsa, ko dai ƙofar da ka zaɓa ba ita ba ce, ko kebul ɗin ne. Akwai kebul mai kama da na modem sak, wanda aka yi don haɗa kwamfuta da kwamfuta, an gicciya wayoyin cikinsa. Idan shi ka samu, modem ba zai taɓa jin ka ba.

Wanda ba ya son bin ƙofofi ɗaya-ɗaya, akwai wvdialconf. Da ikon mai gida, wato ka fara da sudo, wannan umarni zai ƙwanƙwasa kowace ƙofa da AT, ya gwada gudu daban-daban, idan ya sami amsa ya rubuta sakamakon a fayil ɗin wvdial.conf. Idan ya ce bai sami modem ba, koma mataki na biyu.

Saƙonni biyu kan fito a wannan mataki, kuma ana yawan ɗaukarsu a matsayin mutuwar modem. Na farko Permission denied, ma'ana ba ka da izinin taɓa ƙofar. A Debian da Ubuntu sai an sa sunanka a rukunin da ake kira dialout, sannan ka fita daga kwamfutar ka sake shiga kafin izinin ya fara aiki. Alamar gane wannan ita ce abu ya yi aiki da sudo, ya ƙi ba tare da shi ba. Na biyu Device or resource busy, ma'ana wata manhaja ta riga ka kama ƙofar. Tana iya zama ModemManager, ko minicom da ka manta a buɗe, ko wani fayil ɗin kulle mai farawa da LCK da ya saura a kundin var lock bayan ɗaukewar wuta.

Mataki na huɗu: layin tarho. A bayan modem akwai ramuka biyu, ɗaya an rubuta LINE, ɗaya PHONE. Wayar bango a LINE take shiga. Kafin komai, jona kan tarho na gida a soket ɗin, ka ɗaga ka saurara; idan babu sauti a kunnenka, modem ma ba zai ji ba. Sannan a minicom rubuta ATM1 don kunna 'yar lasifikarsa, sai ATDT da lambar da za ka kira. Amsar da ya bayar ita za ta nuna maka hanya. NO DIALTONE na nufin bai ji sautin layi ba; a wasu ƙasashe sautin ya bambanta da wanda modem ya saba da shi, sai a ba shi ATX3 ya buga ba tare da jira ba. BUSY na nufin layin can a cike yake. NO CARRIER na nufin an buga amma ba a daidaita ba, galibi saboda ƙarar layi ko lambar da ba ta modem ba. A ofis inda ake danna 9 kafin fita waje, a rubuta 9 da waƙafi kafin lambar, waƙafin yana sa shi ɗan dakatawa. A kiyaye da layukan ofis na dijital, suna iya ƙona modem. Haka tsawa a lokacin damina: takan bi wayar tarho ta kashe ɓangaren layi kaɗai, sai ka ga modem yana amsa OK lafiya lau amma har abada ba ya jin layi. Idan hadari ya haɗo, zare wayar bango.

Mataki na biyar sai bayan ka ga kalmar CONNECT. Daga nan aikin ya koma hannun manhajar pppd, mai miƙa sunanka da kalmar sirri ga kamfanin intanet. Idan layi na yankewa bayan 'yan daƙiƙu, duba sunan da kalmar sirrin a wvdial.conf, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Wasu kamfanonin ba sa jiran gaisuwa, suna so a fara pppd nan take. Akwai layin Stupid Mode da ake sa wa lamba 1 don haka. Idan kuwa an haɗa amma shafuka ba sa buɗewa, modem ya gama aikinsa. Duba adireshin DNS a fayil ɗin resolv.conf.

Yanzu ga namu na gida, ɗan modem mai SIM. Da yawansu idan aka soka su sukan fara nuna kansu a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. Shi ya sa lsusb zai nuna shi, da lamba 12d1 idan na Huawei ne ko 19d2 idan na ZTE ne, amma dmesg ba zai nuna ttyUSB ba. Ka ga ya ci mataki na farko ya faɗi na biyu. Manhajar usb_modeswitch ita ke aika masa saƙon da zai sa ya juye ya zama modem. Daga nan ƙofofi biyu ko uku kan fito, sai ka gwada AT a kowace. Lambar da ake bugawa a layukan GSM ita ce tauraro, 99, alamar hash. A zamanin layukan CDMA irin su Starcomms da Visafone hash da 777 ake bugawa. Sai kuma a sa sunan APN na kamfanin layinka, a tabbatar SIM ba ya neman PIN, kuma akwai data a kansa. Wannan ilimi bai tsufa ba, domin ƙananan allunan GSM da ɗalibanmu na injiniya ke haɗawa a ayyukansu, da na'urorin bin sawun mota masu SIM, har yau da umarnin AT ake magana da su.

Bari in maimaita matakan don masu rubutu. Ɗaya, lspci ko lsusb: an ga ƙarfen? Biyu, dmesg: an ba shi ƙofa? Uku, minicom ko wvdialconf: ya amsa OK? Huɗu, ATDT: layi na da rai? Biyar, pppd: an karɓi sunanka? Duk inda amsa ta fara zama a'a, a nan za ka tsaya ka yi aiki, kuma abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta abin da ya faru. Idan ya gagara za ka nemi taimakon wanda ya fi ka sani, to kada ka ce masa kawai modem ya ƙi yi. Kai masa sunan Linux ɗinka, da layin da lspci ko lsusb ya nuna, da saƙon da ya fito kalma da kalma. Mai tambaya ba ya ɓata, amma tambaya mai hujja ita ake saurin amsawa.

Ga masu saye kuma, musamman masu sayo wa makarantu da ofisoshi kaya, ku tambayi wace ƙwaƙwalwa ce a ciki kafin ku biya, ku bincika ko tana aiki da Linux, ko modem ne ko firinta ko katin waifai. Kuɗinku ne, kuma kuna da haƙƙin sayen abin da yaran garinku za su iya buɗewa su gyara. Ku kuma iyayen gida a shagunan gyara, ku zaunar da yaranku ku koya musu karanta abin da kwamfuta ke faɗa kafin su kai hannu ga goge ta a sake ɗora manhaja. Yaron da ya iya waɗannan matakai biyar zai iya bin sawun matsalar kowace na'ura.

A nan za mu dakata a shirin yau. Ku aiko mana da tambayoyinku, za mu amsa su a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu.

(Taken rufewa)